Muhawara: Wa ya buɗe wa sojojin waje ƙofar Jeniba a 1782?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Yawancinmu mun san Jeniba a matsayin birnin tarurrukan sulhu, inda ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya da hedikwatar ƙungiyar agaji ta Red Cross suke, amma a ƙarni na 18 birnin nan jamhuriya ce mai cin gashin kanta, ba ta ma shiga tarayyar Suwizalan ba tukuna, kuma rikicin siyasa ya yi ta tashi a cikinta daga 1707 har zuwa ƙarshen ƙarnin. Mutanenta ba su wuce kimanin 25,000 ba, kuma waɗanda ke da ikon jefa ƙuri'a a Babban Taron 'yan ƙasa maza ne kimanin 1,500 kacal. A kan takarda wannan taro shi ne mai iko, shi ke zaɓen shugabanni huɗu na gari kowace shekara. A aikace kuwa mulki yana hannun Ƙaramar Majalisa mai mutum 25 da Majalisar Ɗari Biyu, waɗanda ke naɗa juna, kuma kusan dukkansu daga wasu gidaje ƙalilan na masu dukiya suke fitowa. Ko shugabannin nan huɗu ma, daga cikin sunayen da majalisun suka miƙa ake zaɓensu. A ranar 2 ga Yuli, 1782, sojojin Faransa da na masarautar Sardiniya da na Bern, ɗaya daga cikin jihohin tarayyar Suwizalan, fiye da 10,000, suka shiga birnin, suka mayar da waɗannan gidaje kan mulki bayan da jama'ar gari suka kawar da su a watan Afrilu. Tambayata ita ce: laifin wa? Ni dai a ganina Faransa ta yi zalunci tsagwaronsa, domin a daidai lokacin da ministanta na harkokin waje, Vergennes, yake taimaka wa 'yan tawayen Amurka da kuɗi da jiragen yaƙi, a lokacin ne ya tura runduna ta murƙushe masu gyaran agogo da ke neman a girmama ƙuri'arsu.

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ban musa zaluncin Faransa ba, amma ka fara labarin daga ƙarshensa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Jeniba masu mulkinta ne suka tsaga shi da hannunsu tun 1707. A wannan shekara wani lauya, Pierre Fatio, wanda shi kansa ɗan babban gida ne, ya jagoranci 'yan ƙasa suna neman abubuwa da a yau ba za su ba kowa mamaki ba: a riƙa jefa ƙuri'a a asirce maimakon a faɗa wa magatakarda a kunne, a buga dokokin ƙasa kowa ya karanta, a rage yawan 'yan gida ɗaya a cikin majalisa, a kuma riƙa kiran Babban Taro a kan kari. Majalisa ta yi kamar ta amince da wasu daga ciki, sa'an nan ta nemi Bern da Zurich, jihohin Suwizalan biyu da suke ƙawayenta na tsohuwar yarjejeniya, su turo mata sojoji. Da sojojin suka iso ta samu ƙarfin hali, aka rataye Nicolas Lemaître, aka harbe Fatio a farfajiyar gidan yari a watan Satumba. Babu sojan Faransa ko ɗaya a cikin wannan aika-aika. Masu mulkin gari ne suka koyi darasin cewa duk lokacin da jama'a suka fi ƙarfinsu, akwai maƙwabcin da za a kira, kuma wannan darasin ne suka maimaita shekara 75 bayan haka.

Malam Nasiru:
Ina goyon bayan Hajiya a kan asalin ciwon, sai dai ina ganin takardar da ta fi cutar da birnin ita ce ta 1738, ba abin da ya faru a 1707 ba. Bari in yi bayani dalla-dalla, domin a nan ne batun doka ya shigo. Bayan 1714 majalisun suka ɗora haraji don gina sababbin ganuwoyi masu tsadar gaske ba tare da sun nemi yardar Babban Taro ba. A 1734 'yan ƙasa suka kai koke, sai kuma aka gano cewa an toshe bakin igwoyin da ke kusa da unguwar Saint-Gervais, unguwar masu sana'a, don kada jama'a su yi amfani da su. Wannan ya tayar da hankali ƙwarai, kuma a watan Agustan 1737 aka yi musayar wuta a titi, aka rasa rayuka. Daga nan Faransa da Bern da Zurich suka shigo a matsayin masu shiga tsakani, suka tsara yarjejeniyar da Babban Taro ya amince da ita a watan Mayun 1738. Idan mutum ya karanta abin da ke ciki zai ce 'yan ƙasa sun yi nasara, domin an tabbatar musu da ikon amincewa da sabon haraji da sabuwar doka, da batun yaƙi da sulhu, da kuma ikon kai koke ga shugabanni. Amma akwai ƙulli biyu. Na farko, ba a kawo komai gaban Babban Taro sai majalisun biyu sun fara amincewa da shi, wato masu mulki na iya karɓar koke su ce ba shi da tushe, magana ta mutu a nan. Na biyu, ƙasashen uku sun zama masu lamunin yarjejeniyar, wanda ke nufin duk ranar da aka yi saɓani a kan ma'anar wani sashe, waɗanda za su fassara tsarin mulkin Jeniba suna zaune ne a Versailles, fadar sarkin Faransa, da Bern da Zurich. 'Yan ƙasa sun yi murna da wannan takarda, sun jefa mata ƙuri'a da rinjaye mai yawa. To, Malam Habibu, idan mutanen da kake tausaya wa su ne suka amince a sa sarkin Faransa ya zama alƙalin dokarsu, yaya za a ce daga baya ya shigo ba da izini ba?

Malam Habibu:
Malam Nasiru, hujjarka tana da kyau, amma akwai abin da ya karya ta. A cikin 1781 Faransa da kanta ta janye daga matsayin mai lamuni, saboda Vergennes ya ga cewa tafiya tare da Zurich da Bern na ɗaure masa hannu. Saboda haka rundunar da ta zo a 1782 ba da sunan takardar 1738 ta zo ba. Shaida ita ce Zurich, wadda take cikin masu lamuni na asali, ta ƙi tura ko soja ɗaya, aka kuma shigo da Sardiniya, wadda sarakunanta su ne gidan Savoy, abokan gabar Jeniba na tun fil azal. Waɗannan su ne suka jingina tsani a ganuwar birnin da dare a watan Disambar 1602 suna neman kama shi, abin da mutanen Jeniba ke bikin tunawa da shi har yau. Masu mulkin da suka yarda sojan Savoy ya taka cikin gari don ya kare musu kujeru sun ci amanar kakanninsu, wannan na yarda. Amma wanda ya tsara rundunar, ya haɗa ƙawancen, ya ba da mafi yawan sojoji, Vergennes ne.

Zainab:
Ina gaishe da iyayena da malamaina. Ina bin muhawarar da sha'awa, amma na lura kowa yana magana kamar ɓangare biyu ne kawai a birnin, masu mulki da 'yan ƙasa. Idan masu ƙuri'a 1,500 ne a cikin mutum 25,000, ina sauran? Ina roƙon Baba Alhaji Garba ko Hajiya su fayyace mini matsayin waɗanda aka haifa a birnin amma ba su da ƙuri'a, domin ina zargin a nan ne Faransa ta samu hanyar da ta fi sauƙi.

Hajiya Rabi:
'Yata Zainab, kin taɓo inda ke ciwo. Jama'ar Jeniba hawa-hawa ce. A sama akwai 'yan ƙasa na gado, waɗanda su kaɗai ke iya riƙe manyan muƙamai. Sai waɗanda suka sayi 'yancin gari da kuɗi, suna jefa ƙuri'a amma ba sa hawa can ƙoli. Sai baƙi mazauna da aka ba izinin zama. Sai 'ya'yan baƙin da jikokinsu, haifaffun gari, waɗanda ake kira Natifs. A ƙarshe kuma talakawan ƙauyukan da ke ƙarƙashin birnin. Da yawa daga haifaffun garin nan jikokin Furotesta ne da suka gudo daga Faransa bayan da Louis na 14 ya soke dokar da ke ba su kariya a 1685. An haife su a Jeniba, iyayensu ma a can aka haife su, su ne ƙashin bayan sana'ar agogo da ta arzuta birnin, amma ba su da ƙuri'a, suna biyan kuɗaɗen da 'yan ƙasa ba sa biya, an kuma toshe musu hanyar manyan sana'o'i da fatauci. Kuɗin sayen 'yancin gari kuwa an yi ta ɗaga shi har ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Abin da ya kamata Malam Habibu ya amsa shi ne wannan: su waye suka fi ƙin a ba haifaffun gari haƙƙi? Ba manyan gidaje kaɗai ba ne. Su kansu 'yan ƙasa masu koke, masu shagunan agogo da ƙananan 'yan kasuwa, ba sa son gasa daga ma'aikatansu. A watan Fabrairun 1770, da haifaffun gari suka yi bore, 'yan ƙasa masu ɗauke da makamai ne suka taya hukuma murƙushe su, aka kashe mutum uku, aka kori shugabanninsu daga gari. Voltaire, shahararren marubucin Faransa da ke zaune a Ferney a tsallaken iyaka cikin Faransa, ya karɓi wasu daga cikinsu ya kafa musu wurin ƙera agogo, Faransa kuma tana da burin gina gari a Versoix, a bakin tabki, don ya ƙwace wa Jeniba kasuwa. Daga baya wani jagoransu, Isaac Cornuaud, ya ja wani ɓangare na haifaffun gari suka jingina da manyan gidaje da wakilin Faransa, bisa lissafin cewa tun da 'yan ƙasa sun hana su, gara su nemi biyan bukata a wurin abokan gabar 'yan ƙasa.

Malam Nasiru:
Kafin a wuce 1770, kada a tsallake shekarun 1762 zuwa 1768, domin a nan ne ƙullin farko da na ambata ya fito fili. A watan Yunin 1762 Ƙaramar Majalisa ta yanke hukuncin a ƙone littattafai biyu na masanin falsafa Jean-Jacques Rousseau, na tarbiyya da na yarjejeniyar zaman jama'a, aka kuma ba da umurnin kama shi idan ya shigo, alhali shi ɗan ƙasa ne, an haife shi a birnin a 1712, ɗan mai gyaran agogo. Majalisar ta yi haka ne kwanaki kaɗan bayan kotun Paris ta yi irin wannan hukunci a kan littafin tarbiyyar, kuma jama'a da yawa sun ɗauka don a faranta wa Faransa ne. Rousseau ya ajiye 'yancinsa na ɗan ƙasa a 1763. Magoya bayansa suka kai koke cewa an saɓa wa doka, majalisa ta ce tana da ikon ƙin sauraro. Daga nan ne aka samu jam'iyyu biyu, masu koke da masu ƙin koke. Masu koke suka gano wani makami mai sauƙi: tun da dole Babban Taro ya zaɓi shugabanni daga sunayen da aka miƙa, sai suka riƙa ƙin kowane suna, jeri bayan jeri, har gwamnati ta tsaya cik. Majalisa ta kira masu lamuni a 1766, suka tsara sulhun da ya karkata ga masu mulki, Babban Taro ya yi watsi da shi a watan Disamba da ƙuri'a 1,095 a kan 515. Faransa ta rufe iyaka, ta takura wa fataucin masu koke. Duk da haka a watan Maris na 1768 ɓangarorin biyu suka daidaita a tsakaninsu, 'yan ƙasa suka samu ikon zaɓen rabin sababbin 'yan Majalisar Ɗari Biyu da ikon sauke wasu 'yan Ƙaramar Majalisa. Ni a wurina wannan ya nuna cewa matsin lamba daga waje ba ya cin nasara muddin masu mulkin gida sun gwammace su sasanta da 'yan'uwansu.

Alhaji Garba:
Na daɗe ina karanta ku ban tanka ba. Ku duka kuna magana a kan doka da ƙuri'a, amma ba wanda ya ambaci kuɗi, kuma a ganina ba a fahimtar Jeniba sai an bi sawun kuɗi. Manyan gidajen birnin masu banki ne, kuma dukiyarsu mai yawa tana cikin bashin da suka ba baitulmalin Faransa. Akwai wata dabara da suka shahara da ita: Faransa na sayar da takardun bashi da ake biyan riba a kansu muddin wani mutum da aka ambata yana raye, sai masu bankin Jeniba suka riƙa zaɓen 'yan mata ƙanana masu lafiya daga gidajen kirki, sau da yawa su talatin a ƙunshi ɗaya, suna ɗora takardun a kan rayuwarsu don ribar ta daɗe. Jacques Necker, wanda ya riƙe baitulmalin Faransa daga 1777 zuwa 1781, ɗan Jeniba ne, kuma da irin wannan bashi aka ɗauki wani ɓangare na nauyin yaƙin Amurka. To, Malam Habibu, abin da kake gani kamar baki biyu daga Vergennes, a wurinsa lissafi ɗaya ne. Ya taimaki Amurkawa don ya karya Ingila, ya kuma danne masu koke don yana zargin sun karkata ga Ingila, kuma ba ya son gwamnatin jama'a a bakin iyakarsa, a garin da ke jin Faransanci, mai maɗaba'u, wanda duk abin da aka buga a cikinsa yana isa Lyon da Paris. Shi ne fa jakadan Faransa a Suwidin a 1772 lokacin da Sarki Gustav na 3 ya kifar da ikon majalisa, da goyon bayan Faransa. Mutumin bai taɓa ɓoye inda ya dosa ba. Sa'an nan a duba taswira: Faransa a yamma, Savoy a kudu, ƙasar Vaud da ke hannun Bern a gefen tabki, abincin gari kuma daga waje yake shigowa. Tun 1679 Faransa take da wakili na dindindin a cikin birnin. Ban ga yadda gari irin wannan zai yi rigimar cikin gida maƙwabta su naɗe hannu ba, ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba.

Zainab:
Na gode, Baba Alhaji. Amma idan haka ne, me ya sa masu koke suka ɗauki makami a 1782, alhali sun san ƙarfin da ke kewaye da su? Shin ba su ne suka ba Vergennes hujjar da yake nema ba?

Malam Habibu:
Ƙanwata Zainab, an tura su bango ne. A farkon 1781 Faransa ta matsa aka tuɓe babban lauyan gwamnati, Jacques-Antoine Du Roveray, saboda ya fito fili ya soki katsalandan ɗinta. A watan Fabrairu masu koke suka mamaye gari, kuma a wannan karon suka gyara kuskuren 1770: suka sa Babban Taro ya amince da dokar da ta buɗe wa haifaffun gari, musamman waɗanda suka kai jika a birnin, hanyar zama 'yan ƙasa. Ƙaramar Majalisa ta yi ta jan ƙafa fiye da shekara guda, a watan Afrilun 1782 ta fito ta ce ba za ta aiwatar da dokar ba, don an kafa ta ne da bakin bindiga. Haifaffun gari ne suka fara tashi, ba shugabannin masu koke ba; su shugabannin, irin su Étienne Clavière da Du Roveray, sun bi baya ne suna ƙoƙarin riƙe linzami. Aka kafa kwamitin tsaro, aka tsare wasu manyan masu ƙin koke a matsayin garkuwa, aka gyara ganuwa, aka tara albarushi. Sun sa rai Ingila za ta sa baki, amma Ingila tana fama da shan kaye a Amurka. Da rundunonin uku suka kewaye gari suka kafa igwa, shugabannin suka ga cewa faɗa na nufin rushewar birnin, suka yanke shawarar a buɗe ƙofa, su kuma suka tsere ta tabki da dare. Jama'ar da suka shirya mutuwa a kan ganuwa sun ji haushin wannan gudu matuƙa.

Hajiya Rabi:
Abin da ya biyo baya shi ne ya sa ba zan sassauta wa manyan gidajen ba. Dokar da aka kafa a watan Nuwambar 1782, wadda jama'a suka laƙaba wa baƙar doka, an kai ta Babban Taro ne bayan an hana duk wanda ya ɗauki makami jefa ƙuri'a. Ta ƙwace abin da aka samu a 1768, ta rufe majalisun hira na unguwanni inda masu sana'a ke taruwa suna tattauna siyasa, ta karɓe makaman 'yan ƙasa, ta ƙarfafa rundunar haya, ta kuma sa Faransa da Sardiniya da Bern su zama masu lamuni. Har gidan wasan kwaikwayo aka gina na dutse, abin da birnin, mai bin koyarwar malamin Furotesta Calvin, ya daɗe yana ƙyama, don hafsoshin baƙi su samu wurin shaƙatawa. Haifaffun gari an bar musu sauƙin sana'a, amma ƙuri'ar da aka yi musu alkawari ta tafi. Waɗanda suka rubuta wannan doka tare da janar-janar na waje 'yan Jeniba ne, kuma sun san sunan kowane maƙwabcinsu da suka sa a jerin korarru.

Malam Nasiru:
Alhaji ya ce maƙwabta za su shigo ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba, kuma abin da ya faru bayan 1789 yana ba shi gaskiya fiye da yadda nake so. Korarrun sun watsu: wasu Neuchâtel, wasu Brussels, wasu kuma suka karɓi tayin kafa Sabuwar Jeniba kusa da Waterford a ƙasar Ailan, inda aka ware fam 50,000 don aikin, amma shirin ya rushe, gine-ginen suka koma barikin soja, aka tsare fursunonin tawayen Ailan na 1798 a ciki. Baƙar dokar kanta ba ta kai shekara bakwai ba: a watan Janairun 1789 tsadar burodi ta tayar da bore, Faransa kuma ta shagala da matsalar kanta, sai masu mulki suka sassauta. Du Roveray da Étienne Dumont suka zama masu rubuta jawabai ga Mirabeau, wani jigo a majalisar juyin juya halin Faransa, Clavière kuma ya zama ministan kuɗin Faransa a 1792. A wannan shekarar sojojin Faransa suka kama Savoy suka tsaya a bakin Jeniba, Bern da Zurich suka turo dakaru don kare ta, kuma Clavière, wanda sojan Faransa ya kora daga garinsu shekara goma kafin nan, yana cikin gwamnatin da ke yi wa garin barazana. A watan Disamba tsohon tsarin mulkin Jeniba ya faɗi, aka daidaita 'yan ƙasa da haifaffun gari da talakawan ƙauye, a 1794 kotun juyin juya hali ta Jeniba ta yanke wa wasu hukuncin kisa, a watan Afrilun 1798 kuma Faransa ta haɗiye birnin gaba ɗaya, bai dawo da 'yancinsa ba sai a ƙarshen 1813, ya shiga tarayyar Suwizalan a 1815.

Alhaji Garba:
Malam Nasiru, na karɓi goyon bayan, amma ban yarda Hajiya ta sha kaye ba. A 1768 Faransa tana nan da ƙarfinta, ta rufe iyaka, kuma ba ta samu abin da take so ba, kamar yadda kai da kanka ka nuna. Abin da nake so wani ya bincika mana kafin mako mai zuwa shi ne dalilin da ya sa Zurich ta ƙi shiga a 1782 alhali Bern ta shiga. Zargina shi ne Bern tana tsoron kada talakawanta na ƙasar Vaud, masu jin Faransanci kamar mutanen Jeniba, su ɗauki darasi daga maƙwabtansu, musamman da yake a 1781 ta taimaka wajen kashe boren manoma a Fribourg, wata jihar Suwizalan da ke maƙwabtaka da ita. Zurich kuwa ba ta da irin waɗannan talakawa a bakin tabkin. Zainab, ke ce mai ƙuruciya da lokacin karatu, wannan aikin naki ne.

Zainab:
Na karɓa, Baba Alhaji. Zan fara da boren Fribourg na 1781, in ga ko waɗanda Bern ta tura can su ne ta sake turawa Jeniba a shekarar da ta biyo baya.